Tantabaru a Kan Farantan Sola

Ƙarar ba ta kai ta fashewar kofi ba. Wani ɗan "tas" ne kawai, sai Maman 'Yan Biyu ta ga tsaga ta taso daga kusurwar farantin sola, kafin ta ƙifta ido duk fuskar gilashin ta koma kamar saƙar gizo. Ruwan ƙanƙarar da ta sheƙa yana ta tururi a kansa. Ta tsaya da bokiti a hannu, ranar tsaka tana dukan ƙeyarta. Tantabarun da ke jere a bakin rufin suka karkata kai suna kallonta, ko ɗaya ba ta tashi ba.

Ba aikinta ba ne wannan. Ita tela ce, kuma duk gidan hayar an san ko kan kujera ta hau don ta sauko da yadi sai ta kira wani ya riƙe mata. Wankin farantan aikin Baba ne, tsohon da ke ɗakin kwano na ƙarshen layi, mai tantabarun nan.

Unguwar tasu irin wadda aka kafa wa turakun lantarki ce aka manta da waya. Bara wata ƙungiya mai raba sola ga unguwannin masu ƙaramin ƙarfi ta iso gidansu, ta ga rufin simintin da ke kan ɗakunan gaba ya dace. Mai gidan ya taɓa niyyar ɗora bene a wurin, niyyar ta tsaya, rodi suka rage cirko-cirko suna kallon sama. A tsakanin rodin nan Baba ya haɗa wa tantabarunsa akurki da guntayen katako da tsofaffin gwangwanaye. Yarinyar da ta jagoranci aikin, wadda kowa ke kira Injiniya, ta dubi akurkin ta ce kashin tsuntsu kan toshe wa faranti rana, wuta ta ragu. Baba ya ce, "'Yata, ki bar min su. Abin da suka ɓata ni zan wanke." A kan haka aka tsaya.

Ranar da aka gama ɗora farantan, tantabarun suka zaci ruwa ne. Suka riƙa sauka suna saran gilashi suna zamewa, mutanen gida na ta dariya. Baba bai yi dariya ba. A ƙuruciyarsa fito yake yi da kwalekwale, har aka gina gada mutane suka daina nemansa, ya tattaro ya shigo gari. Ya daɗe tsaye yana kallon shuɗin nan mai ɗaukar ido, sannan ya ce, "An biyo ni da kogi har saman ɗaki." Tun daga nan kullum da sanyin safiya ake jin ƙarar tsani, Baba ya hau da bokiti da tsumma ɗaure a bakin sanda. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalilin sammakon. Kowa ya ɗauka rashin barcin tsufa ne.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti, aka sallamo shi da magani da shawarar a kula da shi a gida, farantan suka soma yin fari-fari. Wuta ta riƙa ɗaukewa tun la'asar. Keken Maman 'Yan Biyu ya tsaya a tsakiyar hannun riga. Injin Mai Aski, wanda shagonsa ke ƙofar gida, ya mutu a kan wani magidanci, mutumin ya tafi da rabin kai yana faɗa. Fankar ɗakin Baba ma sai ta yi ta jan jiki ta tsaya, shi kuwa numfashi na yi masa wuya idan iska ta ɗauke. An fara guna-guni a tsakar gida, kuma duk guna-gunin a kan tantabaru yake ƙarewa. Maman 'Yan Biyu ta san idan aka raba tsohon nan da su yana kwance, an raba shi da iyakar abin da ya mallaka. Shi ya sa yau, da ta gama jiƙa masa goshi da tsumma, ta ga sauran ruwan ƙanƙara a bokiti, ta ce bai kamata ya tafi a banza ba. Ta runtse ido ta hau tsani. Da ta taɓa gilashin ta ji shi zau kamar goshin Baba, har ta ji daɗi da ta zo da ruwa mai sanyi.

Ta sauko, ta wuce ɗakin Baba kai tsaye.

Ɗakin Baba bai da komai sai gado, da buta, da gwangwanin hatsin tsuntsaye, da wani tsohon filafilin tuƙa kwalekwale jingine a kusurwa wanda ya ƙi rabuwa da shi. Yana kwance yana kallon kwano.

"Na ji tsani," in ji shi. "Wa ya hau?"

"Ni ce, Baba."

"Ke? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Baba, na yi ɓarna. Na fasa ɗaya."

Ya juyo da kai a hankali. "Da me kika doke shi?"

"Ban doke shi ba. Ruwa na zuba masa. Na ji ya yi zafi sosai, sai na sa na ƙanƙara."

Baba ya fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da ta tallafe shi ta ba shi ruwa. Da ya samu kansa ya ce, "Kin yi masa jinya ke nan, kamar yadda kike min. Ba a taɓa shi da rana, 'yata. Sai da safe, kafin ya farka. Injiniya ta faɗa min tun farko, ni ne ban faɗa wa kowa ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Na ɗauka kullum ni zan riƙa hawa."

Da yamma Injiniya ta zo a kan babur, ta hau, ta daɗe a sama, ta sauko tana goge hannu. Mutanen gida suka kewaye ta a tsakar gida, wasu kan turmi, wasu kan bokiti a kife. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta ce ta cire wayar farantin da ya fashe, sabo kuma sai layi ya zo kansu, don akwai unguwannin da ko ƙwan fitila ɗaya ba su samu ba tukuna. Sauran farantan za su riƙe gidan, amma sai in suna fes. In ba haka ba, batir ba zai cika ba.

"To kun ji," in ji Mai Aski. Shi ne shugaban 'yan haya, ba don an zaɓe shi ba, sai don ya fi kowa murya. "Tsuntsayen nan su bar gidan nan."

"Ni na fasa, ba su ba," in ji Maman 'Yan Biyu.

"Mun sani, Maman yara. To me ya kai ki sama? Ke da ko dakali ba ki hawa?"

"Zan riƙa wankewa kullum da safe."

"Ki wanke da safe, kafin azahar sun mayar da shi yadda yake. Baba yini yake yana koro su da fito. Ke za ki bar kekenki ki zauna gadin tsuntsu?" Ya rage murya, abin da ba a saba ji ba. "Fankarsa fa? Jiya ina jin numfashinsa daga shago. Wanne kike so a bar masa, iska ko tantabara?"

Abin da ya fi damunta shi ne wani ɓangare na zuciyarta ya yarda da shi. Ta tuna ɗinkin mutane da ke jibge, ta tuna 'yan biyunta da suka daina karatu da fitilar waya tun da sola ta zo, ta ji kunyar kanta ta rufe ta.

Daga ɗakin ƙarshe wata murya ta fito, siririya. Ƙofar a buɗe take, Baba ya ji komai.

"Ɗana. Mai Aski. Zo."

Mai Aski ya cire takalmi ya shiga, Maman 'Yan Biyu na biye da shi.

"Ka taɓa ce min kana da aboki mai kiwo a can ƙarshen gari."

"E, Baba."

"Kai masa su. Kada a yanka ko ɗaya, shi ne kawai roƙona."

"Baba, ba wai muna..."

"Na sani. Yaran gidan nan sun saba da haske, ba za a mayar da su duhu saboda ni ba. Na sha ɗaukar mutane a jirgi. In kaya ya yi yawa, mai jirgi ne ke fara ajiye nasa."

Washegari da magariba, da tsuntsayen suka shige akurki, Mai Aski ya hau da kwanduna. Maman 'Yan Biyu ta tsaya a ƙasa tana karɓa. Ba su da nauyi ko kaɗan, sai ɗumi da motsi da ke ratsa kwandon zuwa tafin hannunta. Baba ya ce a shigo masa da kwando ɗaya. Aka ajiye a gefen gado, ya zura yatsa ta tsakanin saƙar, ya yi musu wani ɗan fito da bai fita sosai ba. Ya daɗe a haka har Mai Aski ya fara gyaran murya a ƙofa. Sannan ya janye hannu ya juya fuska bango. Aka ɗaure kwandunan a bayan babur aka tafi da su.

Wuta ta dawo yadda ake so. Keke ya yi ta gudu, inji ya yi ta aski, fanka tana juyawa daga safe har wata safiyar. Gidan ya yi haske, ya kuma yi wani irin shiru da ba wanda ya san akwai shi a da. Sai yanzu aka gane kukan tantabaru ne ke cike tsakanin maganganun mutane. Matan gida suka riƙa ɗaga kai suna duban bakin rufi ba tare da sun san suna yi ba.

Maman 'Yan Biyu ta ci gaba da hawa, don ko ba tsuntsu akwai ƙurar titi. Da farko tana hawa tana salati, daga baya ta daina ƙirga matakala. Ta gano abin da Baba ya ɓoye wa gidan duk tsawon lokacin nan. Da sanyin safiya, kafin rana ta leƙo, farantan baƙaƙe ne, masu sanyi, da raɓa a kansu. In ta shafa tsumma sai sama ta bayyana a ciki, gajimare na tafiya a ƙarƙashin hannunta. Daga can tana hango rufin maƙwabta, nan faranti ɗaya, can biyu, suna kama haske ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen unguwa, inda suke ƙarewa sai kwano zalla. Wani lokaci takan manta da kanta a tsugune har sai 'yan biyu sun kira ta kan kayan makaranta.

Baba kuwa ya fara tafiya yana dawowa. Ba ya kuka da ciwo. Idonsa a buɗe, amma abin da yake gani daban ne. Wata rana ta shigo da kunu ya ce mata, "Zauna a tsakiya, 'yata, kada ki jingina da gefe, ruwan ya ƙaru." Ta zauna a tsakiyar tabarma, ta riƙe kofin da kyau. Ya tambaye ta ko ta ga farin tsuntsun da ke tsaye a kan yashi, ta ce ta gani. Ya ce su yi haƙuri, saura kaɗan su kai gaɓa, akwai wata mata mai ciki a cikin fasinja, ba ya son ya yi sauri. Fanka na kaɗa labule, hasken da ke shigowa ta ƙofa yana rawa a bango, har ita ma ta ji kamar ɗakin yana lilo a hankali. An yi wa 'yarsa da ke aure a nesa waya, ta ce tana neman mota.

Mai Aski ya zo wata la'asar da injinsa a aljihu, ya ce kan Baba ya yi gashi. Ya tallafe shi da hannu ɗaya, ya yi masa aski a nutse, ba surutun da ya saba.

"Baba, yanzu wuta har ta yi yawa. Batir cike yake kwana."

"Madalla."

"Abokin nawa ya ce suna nan lafiya. Ya rufe su a ɗaki har su saba."

"Su wa?" in ji Baba.

Mai Aski ya dubi Maman 'Yan Biyu, ya kashe injin, ya tsaya yana hure gashin da babu a bakin injin.

Ashe Baba ya manta an kwashe su. Kashegari da safe, da ta leƙo da bokitinta za ta hau, ya nuna gwangwanin hatsi da haɓa.

"Ki zuba musu. Tun ɗazu ba na jin motsinsu, yunwa suke ji."

Ta buɗe baki ta faɗa masa gaskiya, ta kasa. Ƙarya kuma ba ta iya yi wa tsoho a gadon ciwo. Sai ta ɗebi hatsin a hannu ta ƙulle a bakin zane, ta hau. Da ta gama wanki ta matsa bakin rufin siminti, inda kwanon ɗakin Baba yake a ƙasa kaɗan, ta watsa hatsin a kai. Ya zuba ya yi ƙara, ya gangara cikin kwarin kwanon. Da ta sauko ta tarar da shi yana murmushi.

"Kin ji su? Ba su da haƙuri."

"Na zuba musu, Baba," in ji ta. Wannan dai gaskiya ne.

Haka ta riƙa yi kowace safiya. Hatsi ya taru a kan kwano ba mai ci sai 'yan ƙananan tsuntsayen da ba su da nauyin da za a ji. Duk lokacin da ta watsa sai ta ji baƙin ciki, ta kuma ji ba za ta iya dainawa ba. Gwangwanin ya kusa ƙarewa, ta ƙara daga nata buhun ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar da abin ya faru gari ya waye da laushi, ba iska. Ta ba shi ruwa cokali biyu, ya haɗiye ɗaya. Bai yi maganar jirgi ba. Ya dai motsa haɓa wajen gwangwani, ta ce, "Na ɗauka, Baba, yanzu zan sauko." Ta gyara masa mayafi ta fita.

A sama ta yi wankinta, ta matse tsumma, ta je bakin rufi ta watsa hatsin. Tana kakkaɓe hannu sai ta ga wata inuwa ta gilma a cikin farantin da ta gama gogewa, sannan wata, sannan da yawa. Ta ɗaga kai. Suna can sama suna kewaya gidan, rana da ba ta kai ƙasa ba tukuna ta kama ƙarƙashin fukafukansu. Suka kewaya, suka sake kewayawa, kamar masu tantamar ko nan ne. Sai ɗaya ta naɗe fiffike ta faɗo kan kwanon Baba, sauran suka biyo ta gaba ɗaya.

Ba ta san yadda ta sauko daga tsanin ba. Ta bar bokiti a sama, ta bar takalmi ɗaya a tsakar gida.

"Baba, yau da gaske ne. Sun dawo."

Yana kwance yadda ta bar shi, fuskarsa a sama, idonsa a kan kwano, bakinsa a ɗan buɗe. Ta durƙusa ta kama hannunsa. Da sauran ɗumi. Ta kira shi sau ɗaya, ta sa kunne a ƙirjinsa, ta daɗe a haka. Ko ya ji saukarsu, ko ya tafi jim kaɗan kafin su sauka, ba ta sani ba, kuma ta san ba za ta taɓa sani ba. Ta sake faɗa masa a hankali, kusa da kunnensa, cewa sun dawo, dukansu.

Ta fita ta ƙwanƙwasa shagon Mai Aski. Ya dubi fuskarta bai tambayi komai ba. Ya shigo ya shafe wa Baba ido, ya ja mayafin ya rufe shi, ya yi masa addu'a muryarsa na karyewa. Sannan ya tsaya ya saurara, ya ɗaga kai.

"Abokin nawa ya buɗe musu ke nan," in ji shi. "Ya ɗauka sun saba."

"Na bar bokiti a sama," in ji ta, don ba ta san me za ta ce ba.

"Bar shi can. Gobe ni zan hau."

Ya fita ya sanar da mutanen gida ya kuma kira 'yar Baba, wadda motarta ke kan hanya. Maman 'Yan Biyu ta zauna a bakin gado. Ta miƙa hannu za ta kashe fankar, sai ta fasa, ta bar ta tana motsa gefen mayafin. A tsakar gida an fara fitowa da tabarmi, ana magana ƙasa-ƙasa. A bisa kanta kuwa ƙananan ƙafafu suna ta kai-komo a kan kwano, bakuna suna tsintar hatsin da ya taru, ɗaya bayan ɗaya, kamar yayyafin farko.